Wadda Kika Kira Wata Tsohuwa

Zuwa ga 'yata Lidiya,

Ina gaishe ki cikin sunan Ubangijinmu Yesu Almasihu. Ina fata kin sauka Kalgo lafiya, kin sami ɗakin da aka ce za a ba ki, kin kuma kama aikin asibitin ba tare da wata tangarɗa ba. Allah ya tsare min ke a baƙon wuri, ya raba ki da mugun ji da mugun gani, ya haɗa ki da mutanen kirki. Amin.

To, gaisuwa ta ƙare. Ba labarin gida zan ba ki ba, gida yana nan yadda kika bar shi. Raina a ɓace yake, kin kuma sani. Na ƙi kiran ki a waya ne don na san halina. In na buɗe baki faɗa zan yi, ke kuma ki yi tsit, in na gama ki ce min, "Mama, ina yi miki addu'a," da muryar nan taki mai sanyi da kika koyo a makaranta. Shi ya sa na ɗauki biro. Takarda dai ba za ki katse ta ba.

Bari in tuna miki abin da kika yi, don na lura ke a wurinki ba wani abu ba ne. Ana gobe za ki tafi, da la'asar, maƙwabciyarmu Goggo Kulu ta shigo yi miki sallama. Ta zo da ƙullin daddawa da na kuka, da kwalbar man shanu, surukarta da jikokinta suna biye da ita. Ta zauna a tabarma, ta kama hannunki ta ce, "Allah shi kiyaye ki, ɗiyata. Shi sa albarka ga hannunga, duk wanda kinka taɓa shi samu lahiya." Ba ki ce amin ba. Kika zare hannunki, kika shiga ɗaki, kika fito da 'yar takardar nan ta wa'azi mai hoton wuta a bayanta. A gaban surukarta da jikokinta kika ce mata addu'arta ba ta wuce rufin ɗakin nan, in ta mutu a yau wuta za ta. Matar da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba kika miƙa wa takarda. Ta karɓa da hannu biyu, yadda take karɓar komai, ta ce ta gode, ta dafa bango ta miƙe. Ba ta bi ta 'yar ƙofar nan da ke tsakanin gidajenmu ba, ta zagaya ta titi kamar baƙuwa.

Na ɗauka iyakar abin ke nan. Ran Lahadi bayan sujada, Maman Dauda ta tare ni a bakin majami'a, baki har kunne, wai ta zo taya ni murna, 'yata ta ɗau zafi saboda Ubangiji. Ta nuna min a wayarta. Ashe a zumuntar matasanku an kafa doka, kowa sai ya yi wa mutum ɗaya shaida kafin rana ta faɗi, ya kuma zo ya rubuta a zaurenku na waya kowa ya gani. Ga abin da kika rubuta, na karanta da idona: "Na yi wa wata tsohuwa shaida yau." A ƙarƙashi kuma 'yan uwanki sun jera miki hotunan tafi.

Wata tsohuwa, Lidiya? Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa fuskata. Lokacin da na haife ki uwata tana can Zuru, ba wanda zai zo min. Wannan wata tsohuwar ita ta dafa min ruwan jego, ita ta dama min kunun kanwa, ita ta gasa miki cibiya. Da hutun haihuwa ya ƙare na koma koyarwa a makarantar Dalijan, a bayanta kika yi wayo. A bakinta kika koyi magana, har in mun je gida Kirsimeti 'yan uwan babanki suna dariya wai mun kawo musu Bagwandiya. Yau rana ta kusa faɗuwa ba ki cika aikin zumunta ba, sai ga ta ta kawo kanta har gida, kika ce to ga ta yau an samu.

Tun ranar ba ta sake taka gidan nan ba. In mun haɗu a waje tana amsa gaisuwata lafiya lau, da ladabin da ake yi wa wanda ba a saba da shi ba, wannan kuma ya fi zagi ciwo. Ga shi ƙarshen watan nan ɗanta Umaru zai zo ya ɗauke ta ta koma wurinsa a Diggi gaba ɗaya, saboda gyambon nan na ƙafarta da ya ƙi warkewa. In ta tafi a haka, zaman da muka yi tun kafin a haife ki ya ƙare a kan takardarki mai hoton wuta. Diggi kuwa ta fi kusa da ke a kan ni. Gyaran wannan ɓarna yana hannunki.

Na san abin da za ki ce. Za ki ce Mama ta tsufa, ta yi sanyi, tana jin tsoron mutane fiye da tsoron Allah. Kada ki soma. Tsoron mutane na san shi ciki da waje, don na yi shi, kuma ba shi nake koya miki ba. Da aka turo babanki Gwandu aikin malamin gona, ina amarya, ban san kowa ba. In zan yi waƙar safe sai na rufe taga. Ran Lahadi in naɗe littafin Maganar Allah a cikin ɗankwali, in cusa a ƙasan jaka, duk wanda ya tambaye ni in ce za ni unguwa. Wata Lahadi Goggo tana shara a ƙofar gida ta ce, "Malama, ina zuwa?" Na ce unguwa. Ta jingine tsintsiya ta yi dariya har da riƙe ciki. Ta ce, "Unguwa wagga da ba a zuwa sai Lahadi? Ke, tun ran da kunka sauka mun san ke Kirista ta. In kina jin kunyar Ubangijinki, ni ina za ki aje ni?" Tun daga ranar na daina rufe taga.

Saboda haka ban ce ki ɓoye kanki a Kalgo ba. Ki tafi sujada da rana tsaka, Littafinki a hannu. Ki yi addu'a a kan abincinki ko a gaban wa kike. Wanda ya tambaye ki wa kike bi, ki faɗa masa ba tare da in-ina ba. In na ji labarin kin ari wani suna don a bar ki ki sha iska, wata wasiƙar zan rubuto miki da ta fi wannan zafi.

Amma ɗaya gefen ma na faɗa masa, shi ya sa da na gan ki na gane cutar tun daga nesa. Kina rarrafe aka yi mana taron farkaswa, aka kawo wani mai wa'azi daga nesa, mai murya kamar aradu. Mako guda yana zuba mana, na fito ina ganin duk garin nan ni kaɗai ce a farke. Ana nan sai Babbar Salla ta zo. Goggo ta aiko min da kwanon tuwon shinkafa da soyayyen nama, kamar yadda ta saba. Ko murfin ban ɗaga ba na ce a mayar mata, a ce mu ba ma cin irin wannan. Ranar zumuntar mata na tashi na ba da shaida yadda na tsaya wa Ubangiji, mata suka yi ta tafi, har da guɗa. Daɗin da na ji a ranar, Lidiya, har yau ina tuna shi. Babanki ya dawo daga Masama a kan babur ɗinsa, na ba shi labari ina jiran yabo. Ya tsame hannunsa daga tuwo ya dube ni. Ya ce, "Rifkatu, wa kika yi wa wannan? Yesu, ko matan zumunta?" Na yi ta masifa, na ce shi ne bangaskiyarsa ta yi tsatsa. Masifar duk ta rufe kunya ce, don na san amsar.

Da Kirsimeti ta zo na ce ba zan aika mata shinkafa ba, don na san za ta rama. Babanki ya ce ai ba aike ma, da ƙafata zan kai. Na kai ina jan jiki. Ta karɓa, ta kira yara suka zauna suka ci a gabana, ita ma ta sa hannu. Ba ta tayar da zancen kwanonta ba, har yau ɗin nan. Cin naman Salla ko rashin cinsa, wannan tsakaninki da lamirinki ne, na san masu bi na ƙwarai da ba sa ci, maƙwabtansu kuma ba su taɓa jin zafinsu ba, don sun san yadda ake cewa a'a. Nawa ba lamiri ba ne, neman tafi ne. Naki ma shi ne. Duk ran da kika buɗe baki za ki yi wa wani maganar Yesu, ki fara yi wa kanki tambayar babanki. In kin ji kina ɗokin a gama ki je ki ba da labari, ki rufe bakin, ranar ba taki ba ce.

Shi kuma shugaban zumuntar taku, yaron nan mai takalmi mai tsini da ya kafa muku wannan doka, ina so wata rana a haɗa ni da shi. Ya taɓa zaman makoki a Gwandu? Ya san waye ya ba mu aron filin da muka fara sujada a kai? Yana zaune a birni yana danna waya, yana ƙirga mutane kamar buhunan albasa. Kin san da Umaru ya ji abin da kika faɗa wa uwarsa, cewa ya yi sai ya zo har gida ya ji dalili? Kin san yadda ƙaramar magana irin wannan take zama babba a gari, ta shafi malaman makaranta da masu shaguna da ba su ji ba ba su gani ba? Goggo ce ta taka masa birki. Surukarta ta faɗa min cewa ta yi, "Ɗiyata ta, ni da ita na. Wanda yat tanka ban yahe mai ba." Wadda kika aika wuta ita ta tsaya miki, ke kina can kina karɓar tafi.

Sai maganar miƙa kai, tunda ita ce ba ta fita daga bakinki tun da kika dawo daga makaranta. Kin miƙa duka, kin miƙa duka. Ni ma na sha faɗa, a gaban ikilisiya, hannu a sama, ido a rufe. Ban san abin da nake faɗa ba sai da babanki ya kwanta. Na yi azumi har na rame, amma ba miƙa shi nake yi ba, ciniki nake yi. Ina ce wa Allah, na yi maka kaza, na bar maka kaza, kai ma ka tashe shi. Bai tashe shi ba. Muka kai shi Zuru muka binne, a motar da mijin Goggo ya nemo mana. Na dawo na yi fushi da Allah. Ina zuwa majami'a, ina ma ba da waƙa a zumuntar mata, ba wanda ya gane komai, amma a ɗakina watanni ban durƙusa ba.

Masu bi duk ba su lura ba. Goggo ce ta lura, don ita ce take jin muryata ta kan katanga kowace safiya. Ta shigo ina wanke-wanke ta tsaya a kaina ta ce, "Malama, na bar jin waƙarki da sahe. Wanga hushi da kika yi, da wa kika yin shi? Koma ga Ubangijinki, kar baƙin ciki shi kashe ki ki bar min marainiya." Ta juya ta fita. A nan bakin kwatami, hannuna duk toka, na ce wa Yesu, ka ɗauke shi, ban ji daɗi ba, ban kuma gane ba, amma ga ni. Ba hawayen taro, ba mai kiɗa, ba wanda ya gani. Wannan ce miƙa kai ta farko da na yi da gaske, kuma Musulma ce ta tura ni. Ki je ki rubuta wannan a zauren naku in kin isa.

Kuma ba sau ɗaya ake yin ta a huta ba. Kowace safiya sai an sake, don abin da ka miƙa jiya da dare ka lallaɓa ka ɗauko. Harshena har yau muna ja da Ubangiji a kansa, wasiƙar nan ma shaida ce. Ke kanki ban gama sakin ki ba. Da takardar aikinki ta fito Kalgo, ban faɗa miki ba, na yi ta sintiri wurin mutane ko za a dawo min da ke Gwandu, ina fita daga ofis zuwa ofis da bakin da ya ce ya ba Allah 'yarsa. Bai yiwu ba, kuma gara da bai yiwu ba. Ke abin da kika riƙe kika hana Allah shi ne son a ce kin fi kowa zafi. Ki miƙa masa wannan. Ki miƙa masa ƙirgen ma. Juya zuciyar mutum ba aikinki ba ne, ba na shugabanku ba ne, na Ruhu Mai Tsarki ne, shi kuma ba ya aiki da agogon zumuntarku.

Kada kuma ki zaci shekarun nan duka na zauna da Goggo ban taɓa yi mata maganar Yesu ba. Na yi, ba sau ɗaya ba. Bayan rasuwar babanki ita da kanta ta tambaye ni me ya sa muke waƙa a kan gawa. Muna tsince tsakuwa a shinkafa na faɗa mata komai, mutuwarsa da tashinsa da begen da muke da shi, ban rage ko ɗaya ba don in faranta mata. Ta saurara har ƙarshe. Ita ma ta faɗa min nata, na saurara. Ta san ina yi mata addu'a ta san Yesu yadda na san shi, na san tana yi min addu'a in musulunta, ba mu taɓa ɓoye wa juna ba. Ina son matar nan ta sami abin da na samu, na yi kuka a gaban Allah saboda ita fiye da yadda kike tsammani. Tana sauraro na ne don ta ga yadda nake zaune, ta ga fushina, ta ga tubana. Ke kuma a yini ɗaya kin koya wa jikokinta cewa Kirista shi ne wanda ake kawo wa man shanu ya saka da zagi.

A asibitin nan za a kawo miki mata daga ƙauyuka, da yara masu zazzaɓi a bayansu, hankalinsu a tashe. Kada ki kuskura ki cusa wa uwar da ɗanta yake suma takarda a hannu, wannan cin zali ne, don ba ta da bakin ce miki a'a. Ki zo aiki a kan lokaci. Ki gaida mutane da kyau, ki riƙe sunayensu. Kada ki daka wa kowa tsawa don bai gane yadda ake shan magani ba, ki sake yi masa bayani. Wanda ba shi da kowa ki zauna da shi ko na ɗan lokaci ne. In kika yi haka, wata rana wani zai tambaye ki me ya sa ke kika bambanta. A ranar ki faɗa masa, dalla-dalla, ba tsoro. Wanda ya yarda ki yi masa addu'a ki yi, wanda bai yarda ba ki yi masa a zuciyarki. Shaida ta kullum da nake nema a wurinki ke nan, kuma ta fi taku wuya nesa ba kusa ba.

Ga abin da za ki yi, ba shawara nake ba ki ba. Da zarar kin ji Goggo ta sauka Diggi, ranar hutunki ta farko ki hau mota ki je. Ban ce waya ba. Ki cire takalminki a ƙofa, ki durƙusa har ƙasa, ki ce, "Goggo, na yi miki laifi, ki yafe min." Kada ki ƙara da "amma". Ba Yesu za ki nema wa gafara ba, shi bai yi mata komai ba, rashin kunyarki za ki nema wa. Ki yi a gaban Umaru da matarsa, tunda a gaban mutane kika ci fuskarta. In kin dawo kuma, kada in ji labarin ya shiga zauren kowa.

Jiya na kasa daurewa na shiga wurinta. Na same ta a tsakar gida tana ɗaure kwanoninta a tsumma, ƙafar a miƙe a kan kujera 'yar tsuguno. Na taya ta ɗaurin, muna 'yan maganganun da ba su da kai. Ban kawo zancenki ba, don ba ni da bakin kawowa. Har na miƙe zan tafi ta ce, "Malama, tsaya in tambaye ki. Umaru ya ce asibitin da Lidiya ka aiki, can za a riƙa kai ni wankin ƙahwa. In na tahi, tana duba ni? Ko in ce mai shi kai ni wani wuri, kar in ba ta kunya gaban mutanenta?"

Ba da gatse ta yi tambayar ba, da gaske take yi, ke take tausayawa. Na ce mata, "Goggo, da hannunta za ta wanke miki." Ta ɗago ta dube ni ta ce, "Kin tabbata?" Na ce na tabbata.

Lidiya, sai da na yi jim kafin in amsa, kuma ta ga na yi. An tambaye ni ko 'yar da na haifa za ta duba mara lafiya, na tsaya tunani. Duk cikin abin nan ba wanda ya ci min rai kamar wannan. Na dai riga na ba da baki a madadinki, kada ki mai da ni maƙaryaciya.

Ubangiji ya tsare ki a kwance da a tsaye, a hanya da wurin aiki. Ya kare ki daga sharrin mutane, ya kare mutane daga kaifin bakinki, ni ma ya kare ki daga nawa. Ya ba ki zuciya mai taushi da ƙafa mai saurin zuwa inda ya kamata. Alherin Yesu Almasihu ya zauna tare da ke. Amin.

Ni ce mahaifiyarki,
Rifkatu,
daga Gwandu.